Kaji da Ɗawisu a Bangon Attajiran Holand

A gidan tarihi na Rijksmuseum da ke Amstadam akwai wani zane mai tsayin santimita 159 da faɗin 144, wanda babu mutum ko ɗaya a cikinsa. Tsuntsaye ne zalla suka taru a bakin wani tafki. A gaba ga ƙaton kwasakwasa fari, kewaye da shi agwagi iri-iri, wasu cikin ruwa wasu a tudu. Can baya ga filamingo mai dogon wuya, ga kasuwari, wato wani baƙin tsuntsu mai kama da jimina da ke da ƙaho kamar kwalkwali a ka, sannan ga gauraka da tukkunta na zinariya, irin wadda aka sani a fadamun ƙasar Hausa. A kan ruwan wani ɗan gashin tsuntsu yana yawo, kuma da wannan gashin ake yi wa zanen laƙabi har yau. Melchior d'Hondecoeter ne ya zana shi a farkon shekarun 1680, aka rataye shi a fadar Het Loo ta William na Uku, mutumin da ke riƙe da ragamar Holand a lokacin.

Duk wanda ya san tsuntsaye zai lura cewa waɗannan ba za su taɓa haɗuwa a tafki ɗaya da kansu ba. Gauraka 'yar Sahel ce, kasuwari daga tsibiran gabashin Indunusiya da Niyu Gini yake, wasu daga agwagin kuma 'yan arewacin Turai ne masu son sanyi. Kuɗi ne ya tara su, jirgin ruwa ya kawo su. Kuma wanda ya sa aka yi zanen so yake baƙonsa ya gane haka tun kafin ya zauna.

Kafin a fahimci yadda zanen kaji da agwagi ya zama abin da masu hannu da shuni ke rububi, sai an koma baya kaɗan. A yawancin ƙasashen Turai, coci da fada su ne manyan masu ba mai zane aiki. A ƙasar da ake kira Holand yau lamarin ya sauya. An yi tarzomar farfasa gumaka da hotuna a coci-coci a 1566, daga baya mabiya ɗarikar Calvin, wani reshe na Kiristocin Furotesta, suka yi rinjaye, su kuwa ba sa son hoto a wurin ibada. Ƙasar ta ɓalle daga mulkin Sifaniya, aka daɗe ana gwabzawa har zuwa sulhun 1648, kuma abin da aka kafa jamhuriya ce, babu sarki mai babbar fada irin ta Faransa. To, mai zane ya rasa limami, ya rasa sarki, sai ya juya ga ɗan kasuwa. Aka shiga zana abin da zai shiga ɗakin mutum: filin karkara, jiragen ruwa, furanni, abinci a kan tebur, fuskar maigida da ta uwargida. Da yake masu zanen sun yi yawa, kowa ya kama ɓangare ɗaya ya ƙware a kai don ya samu kasuwa. Akwai wanda rayuwarsa duka shanu yake zanawa, akwai na kifi, akwai na dusar ƙanƙara.

Gidan su Hondecoeter tsuntsu suka kama, kuma gado ne. Kakansa Gillis yana cikin iyalan da suka yi ƙaura daga yankin Antwerp, a Beljiyam ta yau, zuwa arewa, ya yi suna wajen zana daji cike da dabbobi. Mahaifinsa Gijsbert ya fi karkata ga kaji da agwagin gida. An haifi Melchior a Utrecht wajen 1636, mahaifin ya rasu a 1653 yana matashi, sai mijin gwaggonsa, Jan Baptist Weenix, ya ci gaba da koya masa. A wannan gidan ya tashi tare da ɗan gwaggon nasa Jan Weenix, wanda shi ma ya zama gwani, amma a zanen naman farauta. Melchior ya yi 'yan shekaru a birnin Hague daga 1659, ya koma Amstadam a 1663, a can ya zauna har mutuwarsa a 1695.

Shekarar da ya isa Amstadam tana da muhimmanci. A daidai lokacin ne birnin ke ƙara faɗaɗa manyan hanyoyin ruwansa, ana yanka filaye a gefen wadda ake kira Herengracht, inda manyan attajirai ke sayen fili biyu su haɗe su gina gida ɗaya mai faɗi. Waɗannan mutane kuma ba su tsaya a birni ba. Da bazara sukan fice zuwa gidajen hutu da suka gina a bakin kogin Vecht da kogin Amstel, masu lambuna da tafkuna da kejin tsuntsaye. Iyalan Huydecoper, waɗanda suka fitar da magajin garin Amstadam, suna da irin wannan gida mai suna Goudestein a Maarssen. Sababbin ɗakuna, dogayen bangaye, duk suna jiran abin da za a rufe su da shi.

A nan ne zanen tsuntsaye ya bambanta da ƙaramin hoton da ake saya a kasuwa a rataya da ƙusa. Da yawa daga cikin manyan ayyukan Hondecoeter an auna su ne daidai da gurbin da za su shiga. Akwai gurbi a saman murhun ɗumama ɗaki, wanda shi ne wurin da ido ke fara sauka. Akwai gurbi a saman ƙofa. Akwai kuma masu kuɗin da ke sa a rufe bango gaba ɗaya da ƙyallen zane, daga katakon ƙasa har kusa da rufi, ta yadda mai zaune a ɗakin zai ji kamar a tsakiyar lambu yake. Kafinta ne ke kafa su cikin katakon bango, su zama ɓangaren ginin kamar taga da ƙofa. Mai zane yakan yi la'akari da tsayin da za a kafa aikin, shi ya sa a zane da dama za ka ga kamar daga ƙasa kake hangen tsuntsun, ƙirjinsa da ƙarƙashin fiffikensa sun fi fitowa. Idan aka cire irin wannan aka rataya shi daidai ido a farin bangon gidan tarihi, wani abu yana ɓacewa, kamar an ɗauko ƙofar zaure an jingina ta a fili.

Sai kuma abin da ya faru a 1672, shekarar da mutanen Holand ke kira shekarar masifa. Faransa da Ingila da wasu yankunan Jamus biyu, Münster da Cologne, suka far wa ƙasar lokaci guda. Sai da aka fasa madatsun ruwa aka malale gonaki kafin a tsayar da sojojin sarkin Faransa Louis na Goma Sha Huɗu. Kasuwar hotuna ta durƙushe. Mai zane Johannes Vermeer, wanda yau ake ji da shi, ya mutu a 1675 da bashi a wuyansa, matarsa ta ɗora laifin a kan yaƙin. Mai gidan burodi da mai kanti sun daina sayen hoto. Waɗanda suka rage da kuɗi su ne 'yan tsirarun iyalai na sama, su kuma ɗanɗanonsu ya koma irin na Faransa: ɗaki mai tsari ɗaya, rufi mai zane, bango mai zane, komai ya dace da komai. Mai zanen da ya iya cika bango ya tsira. Hondecoeter yana cikinsu, har ma kasuwarsa ta fi buɗewa bayan masifar, domin rikicin 1672 ne ya ɗora William na Uku a kan mulki, shi kuwa William mutum ne mai son farauta da gine-gine da tara dabbobin ƙetare.

Amma me ya sa tsuntsu? Ai ana iya cika bango da labarin yaƙi ko na gumakan Girka, kuma masana zane na lokacin irin su Gerard de Lairesse suna ganin wannan ne aiki mai daraja, zanen dabba da na kayan tebur kuwa yana can ƙasa. Amsar tana da rassa biyu, kuma a ganina na farkon ya fi nauyi.

Farauta a Holand ba ta kowa ba ce. Doka ta keɓe manyan namun daji da wasu tsuntsaye ga masu jinin sarauta da manyan jami'an gwamnati. Ɗan kasuwa yana iya mallakar jirage goma da rumbunan barkono, amma ba shi da ikon ya saki shaho a kan zalɓe ko ya bi barewa da karnuka. Kuɗi yana da shi, asali ne babu. Shi ya sa wasu suka riƙa sayen ƙauyuka da ke ɗauke da laƙabin sarauta don su liƙa a bayan sunansu. Wanda ya rataya hoton mataccen zomo da makwarwa da farin suwan, wato babban tsuntsun ruwa mai kama da dinya da dogon wuya, ga bindiga ga jakar mafarauci a gefe, ya shigo da rayuwar sarakai cikin ɗakin cin abincinsa ba tare da ya karya doka ba. Wannan shi ne fagen Jan Weenix, kuma Hondecoeter ma da shi ya fara kafin ya koma zana masu rai. Ko a zanen masu ran, dubi abin da ke bayansu: matakalar dutse, tulun marmara, maɓuɓɓugar ruwa, dogon lambu da ke ƙarewa a wani gida mai ginshiƙai. Kazar da ke gaba ba ta bayan ɗakin manomi ba ce, kazar gidan mai gari ce.

Reshe na biyu shi ne teku. Kamfanin Holand na Gabashin Indiya, VOC, an kafa shi a 1602, na Yammacin Indiya kuma, WIC, a 1621. Tun kafin su, jiragen farko da suka je Java suka dawo a 1597 sun zo da kasuwari mai rai, mutane suka yi ta tururuwar kallo, daga ƙarshe tsuntsun ya ƙare a hannun Rudolf na Biyu, babban sarkin ƙasashen Jamus. Daga nan dabbar ƙetare ta zama kyautar manya. William yana da wuraren ajiye su a gidajensa. A cikin Amstadam kuma akwai wani masauƙi mai suna Blauw Jan da ke tara tsuntsaye da namun ƙetare, talaka ya biya kuɗi ya shiga kallo, mai kuɗi ya saya. A wani zanen da Hondecoeter ya yi wa Het Loo wajen 1690, wanda aka kafa a saman ƙofar ɗakin William na kansa, akwai ƙananan birai biyu na nahiyar Amurka, da fararen aku masu tukku, da wani jan aku na Indunusiya ɗaure da sarƙa, da akun nan mai ruwan toka da jar wutsiya na Afirka wanda muka sani. A lokacin William ya riga ya zama sarkin Ingila, tun 1689. Nahiyoyi uku ke nan a saman ƙofa ɗaya.

Ya kamata a faɗi abin da ke cikin jiragen nan ban da aku. WIC ta ƙwace sansanin Elmina, a gaɓar Ghana ta yau, daga hannun Fotugal a 1637, kuma daga wannan gaɓa da makwabtanta ta yi ta jigilar bayi zuwa Brazil da Curaçao da Suriname. Hanyar da tsuntsun Afirka ya bi ya isa kejin attajiri ita ce hanyar zinariya da hauren giwa da mutane. Zanen bai nuna ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ya nuna tsuntsun ne kawai, lafiyayye, gashinsa na sheƙi. Gaurakar kuwa, wadda ake ɗauka a matsayin tsuntsun ƙasa a Najeriya, yau ganinta a daji a Najeriyar ya yi wuya ƙwarai, kuma kamu don sayarwa masu ajiyewa a gida yana cikin dalilan.

Wani abin da ke ba ni dariya shi ne tsuntsayen da suke baƙi masu tsada a zanen, amma mu yanzu muke kora daga bakin murhu. Talotalo daga Meziko ya fito. Agwagwar nan mai jan fuska da ke yawo a unguwanninmu asalinta Kudancin Amurka ce. Duka biyun suna cikin zanen Hondecoeter suna taƙama kusa da ɗawisun Indiya.

Da a ce nuna arziki ne kaɗai a cikin aikin, da tuni an manta da mutumin. Abin da ya raba shi da masu kwaikwayonsa shi ne ya san halin tsuntsu. Magabatansa sukan jera tsuntsaye ne kamar kayan kanti, kowanne ya tsaya a gefe ana ganin siffarsa. Shi kuwa nasa suna cikin harka. Zakara ya miƙe ƙafa zai kai wa talotalo sara. Kaza ta baje fiffike, 'yan tsaki na rige-rigen shiga ƙarƙashinta saboda wani abu ya gifta a sama. Ɗawisu ya waiwayo yana yi wa na ƙasa tsawa. Tattabara ta shigo daga gefe tana shirin sauka, wani kuma gefen ƙyallen ya yanke shi rabi, kamar yana kan wucewa ne aka kama shi. Yana ajiye idon mai kallo ƙasa-ƙasa, daidai tsayin kaza, ya zana su da girmansu na gaske. Ni dai a wurina kajinsa sun fi baƙin tsuntsayensa rai nesa ba kusa ba, kuma dalilin a fili yake: kaza yana ganinta kullum tana tono tana faɗa, filamingo kuwa sai dai a keji. Farar kazarsa a kwance, da yadda ya bambanta laushin gashin ƙirji da taurin na fiffike da farin fenti kusan kala ɗaya, ta isa a tsaya a kalla.

An rawaito cewa yana da wani zakara da ya horar, wanda zai tsaya yadda aka ajiye shi har a gama zana shi. Irin labarin da ake ƙawata tarihin gwanaye da shi ne. Abin da takarda ta tabbatar ya fi wannan sauƙi: cikin kayan da ya bari akwai wani ɗan katako na rataye tsuntsu a daidaita shi yadda ake so. Sannan yana da tarin samfura da ya zana da fenti ya ajiye, yana ɗauko su duk lokacin da aiki ya zo. Shi ya sa kwasakwasa ɗaya, da tsayuwa ɗaya, yake fitowa a zane daban-daban, haka wasu agwagin da 'yan tsakin. Wannan ba ha'inci ba ne a wancan zamani. Attajirin da ya ga kwasakwasa a gidan wani so yake shi ma a sa masa irinsa. Sai dai hakan ya buɗe ƙofa ga almajirai da masu kwaikwayo, har ta kai yau a gidajen gwanjo babban aiki ne a tantance wanne ne hannunsa, wanne ne na shagonsa, wanne ne na wani da ya zo bayan shekara hamsin.

Akwai masu neman saƙo a ɓoye cikin kowane zanen Holand, kuma wani lokaci suna da gaskiya. Hondecoeter ya zana tatsuniyar hankakan da ya yi ado da gashin wasu tsuntsaye, suka taru suna fizge kayansu, a 1671. Zanen aro ba ya rufe katara, in ji Bahaushe, kuma mutum zai so ya san ko ɗan kasuwar da ya sayi laƙabin sarauta yana kallon irin wannan ya ji wani abu. Ya kuma zana taron waƙar tsuntsaye, mujiya a tsakiya da takardar waƙa, salon da ya samo daga Frans Snyders na Antwerp. Amma a yi hattara. Misalin da ya fi nuna haɗarin shi ne farin suwan da Jan Asselijn ya zana wajen 1650, ya buɗe fuka-fuki yana kare ƙwansa daga kare. Daga baya wani ya zo ya yi rubutu a kan zanen: ya kira suwan ɗin da muƙamin Johan de Witt, babban jami'in jamhuriyar, ya rubuta Holand a kan ƙwan, ya kira karen maƙiyin ƙasa. Asselijn ya mutu a 1652, kafin De Witt ya hau wannan muƙami a 1653. Siyasar an liƙa ta ne bayan mai zanen ba ya nan. Wasu sun so su karanta faɗan zakara da talotalo na Hondecoeter a matsayin yaƙin ƙasashen Turai. Mai yiwuwa wani mai gida ya faɗa wa baƙinsa haka a kan tebur. Amma zakara na faɗa ko babu Faransa.

Ba duka zanen tsuntsun zamanin ne ƙato ba. Carel Fabritius ya zana wani ɗan tsuntsu mai jan fuska ɗaure da siririyar sarƙa a kan akwatin abincinsa a 1654, a kan allon da bai kai santimita 34 ba, shekarar da rumbun albarushi ya fashe a Delft ya kashe shi. Yana gidan tarihi na Mauritshuis a Hague, kuma yau ya fi duk kajin Hondecoeter suna. Wannan ma yana nuna yadda ɗanɗano ke juyawa: na yanzu sun fi son ƙaramin abu mai shiru, na wancan lokaci masu kuɗi sun fi son bango ya cika.

Salon bai mutu da Hondecoeter ba. Jan Weenix ya samu aikin ƙawata fadar Bensberg kusa da Cologne da manyan zanen farauta a farkon ƙarni na 18. A Ingila, inda William ya kai ɗanɗanon Holand, Jakob Bogdani ɗan Hangari ya yi ta zana tsuntsayen kejin Admiral George Churchill a Windsor, Pieter Casteels da Marmaduke Cradock suna cika saman ƙofofin masu gonaki. A Holand kanta Aert Schouman na Dordrecht ya riƙe sana'ar har kusan ƙarshen ƙarnin, ya yi wa William na Biyar, mai riƙe da ragamar ƙasar a lokacin, ɗaki guda na tsuntsaye. Abin da ya kashe kasuwar shi ne takardar bango da ake bugawa, mai araha, da kuma sauyin yayi. Da gidajen suka riƙa canza hannu, sai aka riƙa ɓamɓare ƙyallayen daga bango, wasu a rage musu girma don su shiga firam, a sayar da su ɗaya-ɗaya. Manyan zane biyar da Weenix ya yi wa wani gida a Nieuwe Herengracht cikin Amstadam a 1697 sun zauna a wurinsu fiye da shekara ɗari biyu, sannan a shekarun 1920 attajirin jaridun Amurka William Randolph Hearst ya saye su, daga baya suka watse wurare daban-daban.

Mai son ya ga Hondecoeter yana aikin da aka yi shi dominsa, wato rufe bangon ɗakin da ake zama a ci abinci, zai fi samun haka a Ingila. A Belton House da ke Lincolnshire akwai ɗaki da ake kira da sunansa, manyan zanensa uku sun mamaye bangayen. Su ma ba don wannan ɗakin aka yi su ba, a ƙarni na 19 aka kawo su, aka gyara ɗakin ya dace da girmansu.